Waya ma jari ce: yadda muke fama da wuta, caji da rezo a sana'ar cikin gida

Ƴan uwa mata, ƴan asusu na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, da na karkara masu samun wannan takarda ta hannun wakilansu.

A zamanmu na Larabar ƙarshen watan Afrilu, da aka buɗe akwati aka fara kiran suna, sai aka zo kan wata ƴar uwarmu mai yin ƙanƙara da zoɓo. Shekara 4 tana cikinmu, ba ta taɓa fashin zubi ba. Ran nan sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna shugaba, ku yi mini haƙuri, wannan mako ba ni da shi."

Shugaba ta ce, "Lafiya dai, ƴata?"

Ashe wuta ce ta ɗauke da dare, ta dawo da ƙarfi kafin asuba, firigo yana jone, injinsa ya ƙone. Da bashin asusu ta saye shi, jika 150, kuma saura biya 3 ta gama. Ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami, ga shi ana tsakiyar bazara, lokacin da mai ƙanƙara take haɗa ribar shekara.

Tana rufe baki sai kowa ta ɗauka. Mai ɗinki ta ce wayarta ta faɗi a kabu-kabu ana saura mako 2 Sallah, kuma awon mutane duka a ciki yake. Mai turaren wuta ta ce wani ya kira ta ya raba ta da jika 20 da daɗin baki. Ma'ajiya ta ce tata wayar ta cika, saƙo ba ya shiga, har wata mai sayen man gyaɗa ta yi fushi ta koma wani gida. Zaman awa ɗaya ya kai mu magariba. Shi ya sa muka ce bari mu tattara abin da muka koya, mu rubuta, don kada abin da ya ci wata ya ci saura.

Jiya talla, yau waya

A 2020, lokacin korona, mun ji a rediyo ana ta labarin yadda ma'aikata a Faransa da Amurka suka koma yin aiki daga gida, kamar wani sabon abu. Mu a Damagaram mun yi dariya. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango, tun Sarki Tanimun yana gina ganuwar Birni, iyayenmu mata daga cikin gida suke sana'a: fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, saƙa, kaɗi, daddawa. Yarinya ta ɗauki faranti ta zagaya unguwa, ta dawo da ciniki.

Abin da ya canza shi ne ɗan aike. Yau hoton atamfa ko na turare yana isa Agadez da Yamai da Kano kafin ki gama wanke hannu. Mai saye ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp, kuɗi ya zo ta Nita ko Amana ko Al Izza ko ta kuɗin waya, kaya ya bi motar tasha. Ba ki taka Kasuwar Dole ba, amma kin ci kasuwa. To amma wannan ɗan aike yana da nasa ciwo: yana jin yunwar caji, yana tsoron zafi, ƙura tana toshe shi, kuma ɓarawo yana iya shiga ta cikinsa ba tare da ya haura katanga ba.

Da muka zauna muka duba matsalolin ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga maganin yawancinsu muna da shi tun tuni. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991 kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya koya mana abu 3: a rubuta komai, kada makulli ya zauna hannun mutum ɗaya, kuma a ware wani abu don ranar tsautsayi. Mun bi waɗannan a kan akwati, amma ba mu bi su a kan waya da firigo da keken ɗinki ba, alhali su ma jarinmu ne.

Wuta: ki cire tun ba ta dawo ba

Wani babban kaso na wutar da muke sha a Zinder daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Kowa ta tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta dawo da ita ba sai Maris 2024. Ko ba wannan ba, a watannin Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce digiri 40 kowane gida ya kunna fanka, ɗaukewar wuta abin yau da kullum ne. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za mu yi idan ta ɗauke.

Mai gyaran da ya duba firigon ƴar uwarmu ya ce mata, "Hajiya, ba ɗaukewar ce ke kashe inji ba, dawowar ce." Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin 220. Idan ta dawo takan zo da ƙarfi fiye da haka, ko ta zo a raunane fitila tana ja-ja, kuma duka biyun suna cutar da inji. Saboda haka da zarar ta ɗauke, ki cire firigo da keken ɗinki na lantarki da caja daga bango. Ki bar fitila ɗaya a kunne don ta sanar da ke. Idan ta dawo, ki jira kamar minti 5 zuwa 10 ta zauna daidai, sannan ki jona. Idan za ki kwanta kuma wuta ba ta nan, kada ki bar komai a jone da fatan za ta zo cikin dare.

Wadda ke da hali ta sayi na'urar daidaita wuta, wadda masu shago ke kira regilater, amma ta tafi da mai gyara ya zaɓa mata daidai girman firigonta, don ƙarama ba ta ɗaukar babban inji. Kuma lokacin da babu wuta, a daina buɗe firigo ana leƙawa. Firigon da yake cike kuma a rufe yana riƙe sanyi fiye da wanda yake rabi. Idan kayanki kaɗan ne, ki cike gurbin da robobin ruwa su daskare.

Masu farantin sola kuma, ku tuna da ƙurar hunturu. Farantin da ƙura ta rufe ba ya ba da wuta yadda ya kamata, sai a yi ta zargin batir. Mun san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, amma kofi ɗaya da tsumma mai laushi sun isa. A goge da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana faranti yana zafi ba.

Batir, zafi da ƙura

Babban maƙiyin batirin waya zafi ne. Da yawanmu muna ajiye waya kusa da murhu muna suya, ko a kan taga rana tana dukanta, ko mu jona ta a caji mu tura ƙarƙashin matashi don kada yara su ɗauka. Duk wannan yana rage wa batir kwana. A yi caji a inuwa, a kan abu mai tauri, ba a kan katifa ba. Kada a riƙa bari sai ta mutu ɗungum kafin a jona. In ta sauko wajen 20 a kai ta caji. Idan kika ga bayan waya ya kumbura ko gilashin ya ɗago, batir ya lalace ke nan, yana iya kamawa da wuta. Kada ki sake jona ta, kada ki huda, ki kai wa mai gyara.

Wata ƴar uwarmu ta kusa sayar da wayarta da araha don ta daina karɓar caji. Ɗanta ya kashe wayar, ya sa tsinken sakace a hankali cikin ramin caji, sai ga dunƙulen ƙura da zaren zane. Ta koma lafiya lau. Kafin ki biya kuɗin gyara ki gwada abu 3: ki canza igiyar caji, ki canza wurin jonawa, ki duba ramin. Amma da tsinken ice busasshe, ba da allura ko fil ba, don ƙarfe yana lalata cikin.

Idan waya ta faɗa ruwa, ko kunu ya zube mata, ki kashe ta nan take, ki cire layi, ki goge, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana 1 ko 2. Kada ki jona ta a caji don ki gani ko tana aiki, nan ne take ƙonewa. Kada kuma ki shanya ta a rana kamar kuɓewa.

Masu kai waya shagon caji, ku sa alama a jikin wayarku da batirinku, kuma ku kulle ta da lamba kafin ku ba yaro ya kai.

Rezo ya gudu, forfe ya ƙare, waya ta cika

Sau da yawa mukan ce mai saye ta yi banza da mu, alhali saƙon bai ma fita daga wayarmu ba. A WhatsApp, idan kika ga alamar agogo a gefen saƙo, bai tafi ba. Maki ɗaya, ya tafi amma bai shiga wayarta ba. Maki biyu, ya shiga. Sanin wannan kaɗai ya kashe rigima da yawa a tsakaninmu. Idan rezo ya maƙale, ki kunna alamar jirgin sama, ki ƙirga 20, ki kashe, ko ki kashe wayar gaba ɗaya ki kunna. Ɗakin kwano da katanga mai kauri suna tare rezo, tsakar gida ta fi. Da yawanmu mun lura hotuna sun fi saurin tafiya bayan sallar asuba, lokacin da mutane ba su cika kan layi ba. Idan ciniki na gaggawa ne, kada ki dogara da intanet, ki kira kai tsaye.

Muna da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, kuma kowace unguwa da wanda ya fi kamawa a cikinta. Ki tambayi maƙwabta kafin ki sayi layi. Wadda wayarta ke cin layi 2, ta sa na kamfani daban-daban, in wannan ya ƙi wancan ya yi.

Forfe kuwa, ba ciniki ne ke cinye shi ba, bidiyon zaurukan dangi ne da na biki da waya ke saukewa da kanta. Su ne kuma ke cika ta. Ki sa wadda ta iya ta shiga saitin WhatsApp ta hana hotuna da bidiyo sauka sai kin taɓa da hannunki. A nan cikin saitin akwai wurin da ke nuna zauren da ya fi cin wuri, sai ki share abin da ba ki buƙata. Ma'ajiyarmu ta share bidiyon suna da na kamu na shekara 2, wayarta ta dawo kamar sabuwa. Idan kin gama aiki ki kashe intanet ɗin, musamman in yara za su karɓa.

Littafi shi ne uwa

Mai ɗinkin da wayarta ta faɗi ta ce mana ba wayar ce ta fi ƙona mata rai ba. Awon mutum 17 ne, da wanda ya ba da kafin alƙalami da wanda bai bayar ba. Sai da ta bi gida-gida tana sake awo tana ba da haƙuri, wata ma ta ce ta biya duka, ita kuma ba ta da shaida.

A asusu ba mu taɓa cewa "na riƙe a kai" ba. Ko dala 20 ce sai an rubuta a gaban kowa. To haka ya kamata sana'ar waya ta zama. Ki sayi ƙaramin littafi na ƴan lakwal. Duk odar da ta shigo ta saƙon murya, ki sauke ta a littafi ran nan: suna, lamba, kaya, abin da aka biya, abin da ya rage. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wadda ba ta rubutu, ƴarta ko jikarta ta rubuta mata bayan isha'i. A shafin ƙarshe ki jera lambobin masu sayenki na ƙwarai da na masu ba ki sari. Takardar da ake ba ki a wurin aika kuɗi, ki maƙala ta a ciki, kada ki ƙulle ta a bakin zane ta goge.

Akwai kuma wata lamba mai ƙwaya 15 da kowace waya ke da ita, tata ce ita kaɗai. Ki danna *#06# za ta fito. Ki rubuta ta a littafi, ki ajiye kwalin waya da takardar saye. Ranar da aka sace, ita za ki nuna wa hukuma.

Lambar sirri makulli ce

Ga yadda aka yi wa mai turare. Saƙo ya shigo wayarta mai kama da na shigowar kuɗi, jika 20. Sai wani ya kira, murya a sanyaye: "Don Allah Hajiya, kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ki taimaka ki mayar mini." Tausayi ya kama ta, ta tura. Da ta je cire nata kuɗin sai ta tarar babu abin da ya taɓa shigowa, saƙon na ƙarya ne, daga jarinta ta biya.

Kada ki yarda da saƙo, ki yarda da abin da kika gani a asusunki. Ki duba ragowar kuɗinki da kanki, ko ki je wurin wakilin kamfani. In da gaske an yi kuskure, kamfani ne zai warware, ba ke ba. Haka mai sayen da ya turo hoton takarda ya ce ya biya: kada kaya ya bar gida sai kuɗi ya shiga hannu.

Wani salon kuma, a kira ki a ce daga kamfani ne, kin ci kyauta, ko za a rufe layinki, ko wata ƙungiya za ta ba mata tallafi, ki faɗi lambar da ta shigo miki yanzu. Wannan lamba mai ƙwaya 6 ita ce makullin WhatsApp ɗinki. Kina faɗa, ya shige da sunanki ya fara roƙon kuɗi wurin ƴan uwanki da masu sayenki. Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ki lambar sirri ta waya. Duk mai gaggauta ki, yana cewa yanzu-yanzu kada ki faɗa wa kowa, ki kashe kiran. A saitin WhatsApp akwai wurin sa makulli na biyu, lamba 6 da ke kaɗai kika sani. Ki sa shi.

Lambar sirrin kuɗi kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwa, kada a rubuta ta a bayan waya. Idan za ki tura kuɗi, lambobinmu ƙwaya 8 ne, ki karanta su bibbiyu da ƙarfi, mai karɓa ta maimaita miki, in suna ya fito ki tabbatar nata ne.

Akwatinmu makulli 3 gare shi a hannun mata 3, ba don muna zargin kowa ba. To kuɗin ƙungiya ma kada ya kwana a wayar mutum ɗaya. Duk wadda ta turo zubinta ta waya, a cire a sa a akwati a gaban taro, a rubuta.

Layin da sunan wa yake?

Wannan tambaya ta sa ɗakin ya yi tsit. Da aka ƙirga, cikin mu 28, mata 11 layinsu da katin maigida ko na ɗa ko na ƙane aka yi rajistarsa. Lafiya lau ne har ranar da waya ta ɓata. A ranar, mai sunan ne kaɗai zai iya zuwa da katinsa a sake ba shi lambar. In yana Libiya ko Aljeriya wurin nema fa? In rabuwa ta zo, ko rasuwa? Lambar da masu sayenki suka sani shekara 5, da kuɗin da ke ciki, duk sun tsaya.

Ba muna cewa a ɓoye wa maigida komai ba. A yi magana cikin ladabi da fahimta, a je tare ofishin kamfani da katin ɗan ƙasa, a mayar da layin sana'a sunan mai sana'a. Wadda ba ta da kati, wannan ma dalili ne na ta nema.

Abin da muka yanke

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin mu tashi mun tsayar da abu 4, kuma muna ba sauran ƙungiyoyi shawara su duba ko za su yi musu amfani.

Na farko, mun zaɓi mata 2 masu ƙuruciya da suka iya waya, su zama masu duba mana. Kowane zama, minti 15 na ƙarshe nasu ne. Ba a ba su lambar sirri, mai waya ce ke dannawa da hannunta.

Na biyu, a kan kuɗin taimako da muke zubawa don haihuwa da rashin lafiya, mun ƙara dala 10 kowane mako don gyaran kayan sana'a. Wadda wayarta ko kekenta ko firigonta ya lalace za ta ara ba riba, ta biya cikin wata 2.

Na uku, mun sayi ƙaramin farantin sola da batirinsa da kuɗin ƙungiya, yana gidan ma'ajiya. Ƴar ƙungiya ta yi caji da rabin kuɗin shago, abin da aka tara ya koma akwati.

Na huɗu, duk wadda ɗan damfara ya kira, ko ya ci nasara ko bai ci ba, ta faɗa a taro ba kunya. Shirun wadda aka cuta shi ke ba shi damar cutar ta gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ita kuwa mai ƙanƙara, taro ya ɗaga mata biya wata ɗaya, aka ara mata kuɗin gyara. Wata maƙwabciyarta ƴar ƙungiya ta ba ta gefe a nata firigon har aka gama. A zaman makon jiya ta kawo zubinta da na makon da ta yi fashi, ta kawo mana zoɓo mai sanyi a kula. Shugaba ta tambaye ta, "Yanzu in wuta ta ɗauke fa?" Ta ce, "Inna, ko cikin barci nake, ƙaramin ɗana ma ya san aikinsa, shi ke rigana zuwa bango."

Ƙungiyar da ke da wata dabara da ba mu ambata ba, ta ba wakiliyarta ta kawo mana, za mu sa a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a jarinmu, ya tsare mu daga asara.